Zauren Makarantar Kakanmu: Mu Rushe Ko Mu Gyara?

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a gidanmu na gado da ke Tudun Wada, nan Kaduna, akwai wani tsohon zaure na ƙasa a jikin gidan, inda kakanmu ya shekara da shekaru yana karantar da yara allo, da asuba kuma manya su zo ɗaukar ilimi. Daga Zariya ya zo tun kafin mulkin kai. Tun da ya rasu karatu ya ja baya, yanzu zauren ya koma wurin ajiye babura da buhunan gawayi. An taɓa yi masa fulasta da siminti amma tana ta ɓamɓarewa, rufin kuma yana yoyo ta kusurwa ɗaya. Baffannina suna so a rushe a yi shaguna uku. Ni raina bai kwanta da haka ba, amma ba ni da hujjar da zan ba su. Shin irin wannan ɗaki yana da wata daraja ta tarihi, ko ni ne kawai nake jin ƙaunarsa? In yana da ita, yaya ake ceto shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatun da ya bayar ya bi shi. Tambayarka biyu ce a haɗe, ko zauren ya cancanci a tsaya a kansa, da kuma ko zai iya ci gaba da tsayuwa. Ta farko zan iya amsa maka daga nan inda nake zaune. Ta biyu sai an je an ɗora hannu a jikin bangon, amma zan faɗa maka abin da za ka duba da kanka kafin ka kira kowa.

Eh, yana da daraja. Sai dai ba irin darajar da mutane suka saba nema ba. In aka ce ginin tarihi a jihar nan, hankali yakan tafi ga Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ko fadar Zazzau, ko Lugard Hall. Waɗannan akwai masu kula da su, ko da a suna ne. Amma ilimin ƙasar nan ba a manyan gine-gine aka raine shi ba. Tun a farkon ƙarni na 20 Turawan mulki da kansu sun ƙiyasta makarantun allo na Arewa a kan dubu ashirin ko fiye, kuma ban da tsangayun bayan gari, yawancinsu ba su da wani gini nasu na daban: zauren gidan malam ne, da dakalinsa, da inuwar bishiyar ƙofar gida. Unguwannin malamai na Birnin Zariya, irin su Kona da Juma, da zaurukansu suka yi suna. Har bokon ma da ta zo, a jikin gida ta fara tsugunawa. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909 a kewayen gidan da yake zaune, Dakta Miller, Baturen mishan, kuma a gidansa na cikin Birnin Zariya ya tara yara kafin mishan ta koma Wusasa a 1929.

Baffanninka za su iya cewa wannan ai labarin Zariya da Kano ne, Kaduna kuwa jiya-jiya aka yi ta. Gaskiya ne, sai a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. To amma abin da ya sa zaurenku ya yi tsada ke nan. Garin da baƙi suka kafa, ma'aikatan jirgin ƙasa da sojoji da 'yan kasuwa da leburori, kowa ya taho da irin gininsa. Malamin da ya baro Zariya ya sauka a Tudun Wada ko Unguwar Shanu ya yi zaure irin na gida a kan fulotin da Bature ya yanka a layi. Irin waɗannan zaurukan, na ƙasa amma a jere da titi, wasu da tagar katako, wasu da kwano a kan azara, su ne shaidar yadda Hausawa suka zauna a Kaduna, kuma sun kusa ƙarewa. Zariya in ta rasa guda tana da sauran. A unguwarku ka ƙirga ka gani nawa suka rage.

Abin da ke cikin ɗakin

Zaure ba aji ba ne da aka yi da ƙasa don babu kuɗin bulo. Tsarinsa da gangan aka yi shi. Duba ƙofofinsa: ta waje da ta shiga gida ba sa fuskantar juna, an karkatar da ɗaya don mai wucewa ko ɗalibi baligi kada idonsa ya faɗa cikin gida. Saboda haka ne malam zai iya tara baƙin maza talatin a gidansa iyalinsa kuma suna harkarsu babu takura. Duba kuma inda buzun Malam yake zama. A yawancin waɗanda na shiga, wurin yana inda mai zama zai ga ƙofar waje da ta ciki duk a lokaci ɗaya, haske kuma ya sauko a kan littafi ta gefe. Kolo ba ya sulalewa bai gani ba, tuwo ba ya fitowa daga cikin gida bai sani ba. Bangon yana da kauri daga ƙasa yana sirancewa in ya yi sama, shi ya sa da azahar a watan Maris, lokacin da ɗakin bulo da kwano ba ya zaunuwa, cikin zaure da sanyi-sanyi, da asubar hunturu kuma da ɗumi. Rufin ƙasa yana shanye ƙara. Yaro arba'in suna biya karatu kowa da surarsa, amma malam yana iya tsinto muryar wanda ya yi tuntuɓe. Ka gwada haka a ƙarƙashin kwano ranar da ake ruwa.

Akwai wani zaure da aka kira ni in duba a cikin Birnin Zariya, masu gidan suna ba ni haƙuri wai ya yi datti, za su sa a shafe shi da fenti kafin in dawo. Na roƙe su kada su taɓa. Abin da suke kira datti shi ne tarihin. Bangon gabas ya yi santsi yana ƙyalli daidai tsayin kafaɗar yaro a zaune, inda bayan almajirai ya goge shi shekara da shekaru. A gindin bango akwai wani siririn kwari da ƙasan alluna suka ci, wurin da ake jingine su bayan an tashi. Kusa da mazaunin malam bangon ya yi ɗige-ɗigen baƙi, inda ake yarfe alƙalami in ya ɗebo tawada da yawa. Sama da alkuki hayaƙin fitila ya zana baƙin harshe har zuwa rufi, azarar kuwa ta yi baƙi ƙirin, kuma a abin da na saba gani azarar da ta sha hayaƙi ƙwari ba su cika damunta ba. Ka fitar da baburan nan da buhunan gawayi, ka share a hankali, ka shiga da tocila. Zan yi mamaki in ba ka sami irin waɗannan ba.

Me ke kashe shi

Ginin ƙasa tsufa ba ya kashe shi, ruwa ne, ta sama ko ta ƙasa. Kaduna kuma ta fi Kano da Katsina ruwa nesa ba kusa ba, damina takan kai wata shida, a Agusta bango kan yi kwanaki bai bushe ba. Da can an san maganin wannan. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a hau rufi a toshe tsaga, a gyara bakin indararo, a sabunta yaɓe. Masu hali su sa makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a jikin bango, rufi kuma a yi masa laso, haɗin katsi na marina da gashin dabba da dafara. Da marina suka mutu katsi ya yi wuya, da almajirai suka watse babu masu cuɗa ƙasa kyauta, sai aka koma ga siminti da niyyar a huta gaba ɗaya.

Fulastar nan da ka ce tana ɓamɓarewa, a ganina ita ce babbar cutar zaurenku, ta fi yoyon. Bangon ƙasa yana tsotsar danshi daga tushe, yana kuma fitar da shi ta jikinsa in rana ta fito. Siminti yana toshe wannan hanya. Kamar a sa wa mutum rigar leda ne a tsakar zafi, gumi ba ya fita, sai jiki ya jiƙe daga ciki. Ƙasar da ke bayan fulasta ta yi laushi, simintin kuma da ma ba ya kama laka da kyau, ba sa miƙewa da takurewa tare, sai ya tsage. Ruwan sama ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Gara kuma ta sami hanya mai duhu da laima, ta hau har kan azara ba wanda ya gan ta. Daga waje bango sumul, ciki ya zama gari.

Akwai kuma matsalar da ta zama ruwan dare a tsofaffin unguwannin Kaduna: titi ya hau, gida ya nutse. Duk sanda aka zuba kwalta ko aka ɗaga kwata, ƙasan waje yana ƙaruwa, har daɓen zaure ya koma ƙasa da titi. Ruwan layi ya kwanta a gindin bango. In ka ga gindin ya zaizaye ya yi ciki, ga farin gishiri-gishiri yana fitowa, to daga nan ne. Haka wurin da ake alwala a bakin dakali kullum.

Rufin kuma ga yadda yake. Azara daga giginya ake tsaga ta, tana da taurin da gara ba ta cika so ba, amma ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa a tazarar da ta wuce kamar ƙafa shida ita kaɗai. Don a sami ɗaki mai faɗi ne magina suke yin tauyi, su turo azara daga bango hawa-hawa, ko su kafa ginshiƙi a tsakiya, ko su ɗaura bakan gizo, wato baka na azara da laka da ke tashi daga bango zuwa bango, ko ɗaurin guga inda bakuna ke haɗuwa a tsakiya su ɗauki tulluwa. Inda azara ke ruɓewa shi ne kanta da ke binne a cikin bango, wurin da ido ba ya gani. Yoyon kusurwa ɗaya yawanci indararo ne ya toshe ko ya karye, ruwa ya taru a bayan rawani, wato 'yar katangar da ta kewaye bakin rufi. Wannan ƙaramin aiki ne in an kama shi da wuri. Wani lokaci kuma laifin masu gyara ne, kowace shekara a ƙara ƙasa a kan ta bara ba a kankare tsohuwa ba, har nauyi ya fi ƙarfin azara ta lanƙwasa, tsakiyar rufi ta zama kwari.

Abin da za ka duba kafin taron gida

Ka ƙwanƙwasa fulastar da bayan yatsa ko guntun katako, duk inda ta yi ƙarar rami ka yi alama da alli. Ka sami sukundireba ka soka a azara daidai inda take shiga bango. In ta ƙi shiga, alhamdu lillahi. In ta nutse ba wahala, wannan azarar ta gama aiki, ka duba na kusa da ita. Ka ɗaura dutse a igiya ka sako daga saman bango ta ciki don ka ga ko ya fara kwantawa waje. Tsaga kuma iri-iri ce. Siririya a kan yaɓe ba komai ba ce. Wadda ke ba ni tsoro ita ce wadda ta ratsa kaurin bango har kana hango haske, ko ta buɗe a kusurwa inda bango biyu suka rabu, ko ta fito a ƙoƙoluwar bakan gizo. In ka ga irin wannan ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata, ka dawo bayan sati biyu. In ta wuce layin ginin yana motsi, kada kowa ya ƙara kwana ko zama a ciki, yara musamman, sai an tokare.

Iyakar abin da zan iya daga nesa ke nan. Hukuncin ƙarshe na wanda ya gani da ido ne, kuma ka nemi tsohon maginin ƙasa, akwai su har yanzu a Zariya da ƙauyukan kewaye. Birkilan da bulo kaɗai ya sani zai ce maka a rushe tun daga bakin ƙofa, ba don mugunta ba, abin da ya iya ke nan.

Hanyoyin da ke gabanku

In bango yana tsaye daram kuma yawancin azara lafiya, gyara ya fi, kuma bai kai tsadar da ake zato ba. A cire simintin, amma kaɗan-kaɗan, bango ɗaya bayan ɗaya, da rani, a bar ƙasar ta sha iska ta bushe. Inda gindi ya cinye a cike da tubali da laka irin ta asali, ba da kankare ba. A yanka hanyar ruwa a waje don ya daina kwanciya a jikin gini. A sauya azarar da ta mutu, a rage nauyin rufi, a gyara indararo ya riƙa zubarwa nesa da bango. Idan kun san babu mai hawa rufi duk shekara, kuma gara ku faɗa wa kanku gaskiya a kan wannan, to ku ɗora kwano a sama da rufin ƙasar, a bar sarari tsakaninsu, bakin kwanon ya zarce bango sosai. Masu son gini tsantsa ba sa ƙaunar wannan don yana ɓoye rawani da zankwaye. Ni na sha ba da shawararsa. Zauren da ke sanye da kwano yana nan ana shiga, da yawa daga waɗanda aka bari tsantsa ba mai kula sun zama tudu.

Abin da nake roƙonka ka hana ko ta halin ƙaƙa shi ne sulhun da aka fi yi a gidajen gado: a ce ba za a rushe ba, za a fasa bangon titi kawai a sa ƙofar shago. Ƙafafun bakan gizo a cikin bangon nan suke, shi ke riƙe turin da rufi yake yi zuwa waje. Ka yanke masa faɗin ƙafa takwas ka sa ƙofar ƙarfe, ka cire abin da ke riƙe da ɗakin. Yakan yi damina ɗaya ko biyu, sannan ya sauko, wani lokaci da mutane a ciki. In shago ake so, a auna fuskar gidan gaba ɗaya. Sau da yawa ana samun shago biyu a katangar da ke gefe ba a taɓa zauren ba, muddin an bar tazara kuma ruwan rufin shagon bai zuba a kansa ba. Shago biyu da zaure, a wurina, ya fi shago uku. Kowane sabon gini dai sai da izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ku sa wannan a lissafi.

Kada kuma ka je wa baffanninka da maganar tarihi kawai. Suna da iyali, kuɗin haya ba abin rainawa ba ne, kuma haƙƙinsu ne a gadon. Ka je musu da amfani. Ɗakin ƙasa da aka rufe da kwaɗo ya fi wanda ake shiga saurin lalacewa, don ba mai ganin yoyon farko. A samu malami a unguwa ya riƙa karantar da yara da yamma, ko a mai da shi wurin karatun magidanta tsakanin magariba da lisha, ko wurin ɗaurin aure da zaman gaisuwa na dangi. Iyayen yara da tsofaffin ɗaliban Malam, waɗanda na tabbata wasunsu suna nan da ransu da kuma abin hannunsu, su ne za su ɗauki yaɓen shekara. Ka neme su. Ka kuma tambayi dattawan gida da na unguwa ko Malam ya taɓa furta cewa ya bar zauren waƙafi don karatu, domin in haka ne maganar ta canza gaba ɗaya. Wannan fagen malaman fiƙihu da alƙalai ne, ba na magina ba, su za ku kai wa.

Game da hukuma, akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, kuma tana da gidan tarihi a kan titin Ali Akilu, a ginin da ya taɓa zama ofishin jam'iyyar NPC. Ba laifi ka je ka sanar da su, ka kuma leƙa sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ɗalibai kan nemi irin wannan gini don aunawa da zanawa. Amma shawarata kada ka gina shirinka a kan jiran kuɗi daga wani wuri. Ɗakin malami a cikin unguwa, 'ya'yansa da ɗalibansa ne za su riƙe shi.

Idan kuwa magini ya duba ya ce bango ya rabu, azara ta ƙare, to kada ka yi jayayya, rai ya fi gini. Sai dai kafin a sa diga a yi abu uku a rana ɗaya: a auna tsawo da faɗi da kaurin bango a zana a takarda, a ɗauki hoton kowane bango da rufi da alkuki da rana tsaka, a kuma zaunar da gwaggonninka da tsofaffin ɗalibai a cikin ɗakin a naɗi muryarsu suna nuna inda kowa yake zama. Azarar da ke da lafiya da ƙyauren ƙofa a ajiye, suna shiga sabon gini.

Ko an gyara ko an rushe, akwai abin da ya fi gaggawa. Ka bincika ko akwai gafaka ko akwatin littattafan Malam a zauren ko a wani ɗaki mai laima, ka fitar da su yau. Rubutun hannu na da ba a ɗinke yake ba, warƙa-warƙa ne, kuma kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye, saboda haka kada a barbaza su, kada a manna musu salatif, kada a kai su a liƙe da leda a shagon kwamfuta. A naɗe su a farin ƙyalle mai tsabta a sa a wuri busasshe sama da ƙasa. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, yana da masu aikin adana irin waɗannan takardu, za ka iya neman shawararsu. Mai zuwa da kuɗi ya ce zai saya kuwa a sallame shi, doka ma ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izini ba.

Aikin ƙasa da rani ake yin sa, daga Nuwamba zuwa Maris. In damina ta riske ku kafin ku daidaita a gida, ka sa a buɗe indararon nan in ya toshe, a shimfiɗa tampol a kan kusurwar da ke yoyo a danne da duwatsu, a bar ƙofa da taga a buɗe da rana don iska ta ratsa. Fulastar kuma kada a taɓa ta sai ruwa ya ɗauke.